Kafin a Kwashe Ƙasar Lambu

A garin Port Tarren mutane ba su cika wahalar da kansu da shuka fure ba. Zafin bazara yakan ƙone duk abin da ya tsiro, shi ya sa yawancin gidaje ba ka ganin komai a bayansu sai tsakuwa da bishiyar lemo guda. Gidan Glenys Trewin ne ya fita daban. Daga ƙofar kicin har katangar kwano babu wurin sa ƙafa sai wata siririyar hanyar bulo da mijinta Merv ya shimfiɗa kafin ya rasu. Lambun nata kuwa ba ya nuna kansa sai ƙarshen kaka, lokacin da zafi ya karye, safiya ta fara sanyi, na sauran mutane suka gama yayinsu. A lokacin ne furannin daliya suke buɗewa, wasu ja kamar garwashi, wasu ruwan ɗorawa, wasu faɗinsu ya kai faranti har sai ta ɗaure su a jikin sanda kada nauyin kai ya karya su. A bayansu fararen furannin kirisi suke biyowa, waɗanda ake kai wa uwaye ranar bikinsu a watan Mayu, lokacin da sanyi yake ƙaratowa a wannan yankin.

Bana sun fi na kowace shekara kyau, kuma bana ne aka ce za a kwashe su.

Duk wanda ya tashi a garin ya san dalma da gubarta, wadda ta fi yi wa ƙwaƙwalwar yara illa. Dogon bututun masana'antar narkar da ita ana hango shi daga kowane lungu. A can Merv ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare, ita ma Glenys ta yi shekaru tana wanke kayan aikin ma'aikata. An saba da dokokin: a wanke wa yara hannu kafin cin abinci, a goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, a riƙa kai yaro asibiti a ɗan huda masa yatsa a gwada jini. Abin ya zama kamar rigakafi, ba wanda yake ɗaga hankalinsa a kai.

Glenys tana da 'ya ɗaya, Narelle, mai aiki a kantin magani, da jika ɗaya, Immy, 'yar shekara uku. Tun Immy tana goyo Narelle take ajiye ta a wurin kakarta da safe ta wuce aiki. A cikin lambun nan yarinyar ta yi rarrafe, a nan ta miƙe tana dafa sandunan daliya. Takan kwaɓa laka a murfin kwalba ta ce kek ne, ta tsinki tumatir ta ci da ƙasa a hannu. Glenys sai ta yi dariya ta ce ƙasa ba ta taɓa kashe yaro ba. Abu ɗaya dai, yarinyar ba ta magana. Daga "Nana", yadda take kiran kakarta, sai "ruwa" sai "a'a". Glenys ba ta damu ba, ta ce gado ne, kakanta Merv ma an ce ya daɗe bai yi magana ba, da ya fara kuwa aka rasa mai rufe masa baki.

Sai gwajin jinin Immy na watan Maris ya nuna dalma mai yawan da ya sa ma'aikatan lafiya suka zo da kansu suka ɗebi ƙasa a duk inda yarinyar take wuni. Bayan kwanaki Narelle ta zo gidan ita kaɗai, ta tsaya a bakin ƙofar kicin da rigar aiki a jikinta, ta ƙi zama.

"Sun auna gidana, babu komai," in ji ta. "Sun auna filin wasa, babu komai. Nan ne, Mama."

"Duk garin nan ai ƙasa ɗaya ce."

"Ba ɗaya ba ce. Matar da ta yi awon ta ce ba ta taɓa ganin irin ta bayan gidan nan ba. Har tambayata ta yi ko daga wani wuri aka kawo ta."

Glenys ta san amsar. Daga wani wuri aka kawo ta. Lokacin da suka sayi gidan, bayan nan yashi ne da farin dutse. Merv ne ya riƙa zuwa bakin rafin da ya bi ta ƙarƙashin shingen masana'anta yana ciko tirela da baƙar ƙasa, asabar bayan asabar, har ta yi tudu. Duk unguwa aka yi ta yaba masa. Narelle tana ƙarama a kan tulin ƙasar take zama in za su dawo.

"Ke ma a cikinta kika girma," Glenys ta ce a hankali. "Ga ki nan lafiya lau."

"Lafiya lau?" Narelle ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ni da aka maimaita wa aji? Ni da kullum malamai suke ce miki ba na iya zama wuri ɗaya? Kin manta marin da na sha a kan lissafi a teburin nan?"

Glenys ba ta manta ba. Ba ta dai taɓa haɗa wannan da wancan ba sai yanzu. Ta ja kujera ta zauna.

Hukumar gari tana da abin da take yi wa irin waɗannan gidaje. Za a zo da mota a kankare ƙasar har zurfin gwiwa, a shimfiɗa leda mai kauri, a zuba tsakuwa a kai. Narelle ta ce muddin ba a yi haka ba, Immy ba za ta sake taka gidan ba. Glenys ta amince. Abu ɗaya ta roƙa, a bari furannin su gama, a ɗaga aikin zuwa Litinin ɗin da ke bayan bikin uwaye. Ma'aikatan suka ce babu laifi. Narelle ba ta ce babu laifi ba.

"Wato furen ne gaba," ta ce a waya.

"Ba haka ba ne, 'yar nan. Sun riga sun yi kai. 'Yan makonni ne kawai."

"To ki ji daɗinsu."

Haka kuwa Glenys ta yi ta ƙoƙarin yi. Kowace safiya takan fito da kofin shayi ta zauna a kan benci, ta lulluɓa da tsohuwar rigar sanyin Merv, tana kallon rana tana hawa kan furannin layi layi. Raɓa takan kwanta a cikin ganyen manyan jajayen nan, ƙudan zuma da sanyi ya kama su kwana a tsakiyar furen, sai rana ta ɗumama su sannan su tashi da kyar. Akwai wata daliya mai launin ɓawon lemo da bakin fari, wadda ita da kanta ta samo daga iri, ba a sayar da irinta a ko'ina. Bana ta yi fure har reshe yana taɓa ƙasa. Glenys takan kai hannu ta tallafo kan furen kamar mai tallafar haɓar yaro, ta ji daɗi ya cika mata ƙirji. Daɗin ba ya daɗewa. Idonta yakan sauka kan baƙar ƙasar da ke gindinsa, mai laushi, mai ƙamshin damina, wadda ta yi rabin rayuwarta tana ciyarwa da ɓawon dankali da ganyen shayi, sai ta janye hannu. Ita da ba ta taɓa sa safar hannu ba, yanzu ba ta taɓa ko ganye sai da ita. In ta shiga ciki ta wanke hannu, ta koma ta sake wankewa.

Labari kuwa ya zaga gari. Kowace shekara ita ke cika coci da fararen kirisi ranar bikin uwaye. Bana matar da ke kula da ado ta kira ta, ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce sun ga kada su wahalar da ita, sun riga sun sayo daga kanti.

Mutum ɗaya ne bai sauya mata ba, maƙwabcinta Cosimo Amato, tsohon masunci, wanda kullum yake leƙo kai ta saman katanga da hular ulu har kunne.

"Sarauniyar lambu, yau ma zaman makoki ake yi?" in ji shi wata safiya.

"Tafi can, tsohon banza. Ba ka da aiki ne?"

"Aikina ke nan, leƙen gidan mutane. Ke, wannan mai ruwan lemon ta yi kyau bana. Ki tono saiwarta mana, ki wanke, ki sa a tukunya da ƙasar kanti."

"Ka taɓa ganin an tono daliya tana tsakiyar fure ta rayu? Sai sanyi ya kashe ganyen tukuna, saiwar ta yi ƙwari."

"To ki ce su dakata har sanyin."

"In ƙara wata biyu ban ga yarinyar ba?"

Cosimo ya sosa ƙeya. "Ni fa shekara nawa ina cin tumatir ɗinki. Dubi yadda na zama."

"Abin da ake gudu ke nan."

Ya yi dariya har da tari, ita ma ta ɗan murmusa. Ya miƙo mata kifi biyu a nannaɗe cikin jarida ya sauka daga katangar. Da ya tafi ta ga ashe ba ta ko sha shayin ba, ya huce a hannunta.

Ranar Lahadin bikin uwaye ta tashi da sassafe ta yanko fararen kirisi rungume guda, ta haɗa da jajayen daliya da mai ruwan lemon nan. Ta kai su banɗaki ta tara ruwan famfo a baho, ta wanke su kara bayan kara, ta tsige duk ganyen ƙasa, ta ɗauraye, ta sa su a sabon bokiti. Ta yi miyar kabewa da kabewar kanti, ta sa rigarta mai kyau, ta tuƙa zuwa gidan Narelle a ɗaya gefen gari.

Narelle ce ta buɗe ƙofa. Ta dubi bokitin, ta dubi uwarta.

"Na wanke su," in ji Glenys. "Ɗaya bayan ɗaya, da ruwan famfo."

"Na gode, Mama. Sun yi kyau. Ajiye su nan waje a bakin matakala, za mu riƙa ganinsu ta taga. Ki cire takalmin ma a nan."

Glenys ta sunkuya tana kwance igiyar takalmi, sai ga Immy ta ɓullo ta tsakanin ƙafafun uwarta. Ta ƙara tsawo, an yanke mata gashi. Ba kakarta ta fara kallo ba, jan furen ta gani, ta miƙa hannu za ta cafke shi. Narelle ta fizge hannun da ƙarfin da ita kanta ba ta yi niyya ba.

"Kar ki taɓa."

Yarinyar ta ɓare baki da kuka. Narelle ta ɗauke ta tana jijjigawa, tana ba ta haƙuri, idonta ita ma ya kawo ruwa. Glenys tana tsaye da takalmi ɗaya a hannu, ta rasa inda za ta sa idonta.

Da ta shiga ciki ta ga kwalaye jere a barandar ɗakuna, wasu an liƙe, wasu a buɗe da tukwane a ciki. Hotunan bango duk an sauke. Darcy, mijin Narelle, ya gaishe ta da sauri ya ce zai je ya duba wani abu a gareji.

"Mene ne wannan?" Glenys ta tambaya.

Narelle ta ajiye yarinyar, ta ɗauki tukunyar miyar ta ɗora a kan murhu, ta juya wa uwarta baya kafin ta amsa. "Darcy ya samu aiki a Mount Gambier. Akwai masu koyar da yara magana a can, ba sai mun yi ta jiran layi ba. Kuma babu bututu. Farkon watan gobe za mu tashi."

Mount Gambier tafiyar wuni guda ce a mota, ga wanda idonsa yake gani sosai, ba mai shekarun Glenys ba.

"Yaushe kuka yanke?"

"An ɗan jima."

"Kafin in amince a kwashe, ko bayan?"

Narelle ta yi ta juya miyar. "Kusan lokaci ɗaya."

"Kika bar ni ina ƙirga kwanaki, ina cewa da an zuba tsakuwa za ki dawo min da ita."

"Da na gaya miki, da kin fasa." Ta juyo. Fuskarta babu faɗa, gajiya ce kawai. "Mama, ba Immy kaɗai ce yarinya a duniya ba. Gidan da ke bayanki akwai yara biyu. In iska ta taso, ina kike tsammani ƙurar take zuwa? Ni ba na ce laifinki ba ne. Ba wanda ya sani a lokacin. Amma yanzu mun sani."

Suka zauna cin abinci. Can Immy ta huce, ta zo da kanta ta hau cinyar kakarta, ta kama zoben aurenta tana juyawa a yatsa kamar yadda ta saba. Glenys ta sa hanci a gashinta ta shaƙa. Ta tambaye ta ina 'yar tsanarta, ina kyanwa, wa ya yanke mata gashi. Yarinyar tana kallon bakinta, ba ta ce komai ba.

Da la'asar Glenys ta dawo gida ta wuce lambu kai tsaye ba ta ko sauya riga ba. Cosimo yana jin ƙarar mota ya leƙo. Da ta gaya masa, wasan ya bar fuskarsa.

"To ai shi ke nan," ya ce. "Gobe da safe ki kira su ki ce kin fasa. Gidanki ne. Wa za a kankare wa ƙasa yanzu, ni?"

"Bari in yi tunani."

"Wane tunani kuma? An raba ki da jika, a raba ki da wannan ma? Ki zauna kina kallon me?"

Ya gaji da jira ya sauka. Ta zauna a kan benci. Rana ta karkata, haskenta ya zo a kwance ya shiga cikin furannin ta baya, jajayen suka yi kamar an kunna musu fitila a ciki, fararen suka koma ruwan zuma. Ba ta taɓa ganin lambun ya yi kyau haka ba, ta kuma san cewa in ta ɗaga waya gobe, baɗi ma zai yi. Ta zauna da wannan tunanin, tana jin daɗinsa, har ta fara tsara abin da za ta ce musu.

Sai 'yar iskar yamma ta taso daga teku. Ta bi ta kan kunyar da aka cire tumatir, inda ƙasa ta bushe, ta ɗebi ƙura kaɗan, wadda ba don hasken rana ba ma ba za a gan ta ba, ta haye katangar baya da ita. A can bayan katangar yaran maƙwabta suna tsalle a kan katifar wasa, kawunansu suna ɓullowa suna nutsewa, ƙaramin yana ƙyalƙyala dariya baki buɗe. Glenys ta bi ƙurar da ido har ta ɓace. Ta tashi ta jawo tiyo ta jiƙa kunyar sharkaf, ta jiƙa duk inda ƙasa take a fili. Ta san ba za ta kira kowa ba.

Ranar Litinin suka zo da ƙaramar motar haƙa da babbar motar kwasa, sanye da fararen kaya da abin rufe hanci. Suka cire ɓangaren katanga don motar ta shiga. Shugabansu, wani mai furfura a gemu, ya tsaya yana kallon lambun, ya sauke abin hancinsa.

"Baba, ba ki son yankar wasu kafin mu fara? Za mu jira."

"In kai wa wa?" ta ce. "Ku yi aikinku."

"To ki shiga ciki, ki rufe tagogi."

Ta tagar kicin ta kalla. Ɗaya yana fesa ruwa don kada ƙura ta tashi, ɗaya yana tuƙi. Bakin motar ya fara da fararen kirisi, ya naɗe su da sandunansu da igiyoyinsu kamar tabarma. Saiwoyin daliya suka riƙa fitowa dunƙule-dunƙule, manya kamar rogo, suna farfashewa fari tas a ciki. Ta ga mai ruwan lemon ta hau sama a bakin motar, furanninta suna lilo, aka juye ta cikin motar kwasa, baƙar ƙasa ta biyo ta rufe. Bulon Merv ma aka kwashe, don an ce ƙasa ta shiga tsakaninsu. Kafin rana ta take tsaka an kai ga farin dutse. Washegari aka shimfiɗa leda aka zuba tsakuwa.

Ranar da su Narelle za su tashi, suka biyo yin sallama, mota cike da kaya har rufi. Sanyi ya riga ya shigo sosai. Narelle ta zaga baya ta duba aikin, ta ce an yi shi da kyau. Ta sauke Immy daga kafaɗa ta dire ta a kan tsakuwar.

"Je ki yi wasa. Yanzu babu komai."

Yarinyar ta tsaya inda aka ajiye ta cikin jar rigar sanyi. Ta dubi dama, ta dubi hagu, ta dubi katangar kwano da yanzu ake gani tun daga ƙofa. Ta tsuguna ta ɗauki tsakuwa ɗaya, ta jujjuya ta, ta yar. Sai ta koma ta kama ƙafar wandon uwarta tana ja wajen mota.

"Za mu zo Kirsimeti, in Darcy ya samu hutu," in ji Narelle. Ta rungume uwarta, ta daɗe ba ta sake ta ba. "Ki riƙa cin abinci, Mama."

Glenys ta tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana. Cosimo yana ƙofar gidansa, ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu, ya fasa. Ta shiga ta ɗora ruwan shayi, ta tsaya a gaban tagar kicin tana jiran ya tafasa, farar tsakuwa tana haska mata ido. Washegari ta je kanti ta sayo labule mai kauri ta rataya a tagar, wadda tun da suka sayi gidan ba a taɓa sa mata labule ba.